Masu Ƙirga Kuɗin Jama'a

Ƙarfe huɗu na yamma mai gadi yake rufe ƙofar banki. Wanda ya makara ko da minti biyar ne, abin da zai ji shi ne, "Alhaji, a yi haƙuri, an tashi, sai gobe in Allah ya kai mu." Jama'a sun ɗauki maganar da gaske. Shi ya sa ake yi wa 'yan banki kallon waɗanda suka more: ga sanyin na'ura, ga shigar kwat tsaf, ga tashi tun rana da sauran zafinta. To amma ƙofar kwastoma ce aka rufe. A ciki babu wanda ya taɓa jakarsa. Lokacin ne kashiya zai fara haɗa lissafin yini, mai kula da ɗakin ajiya yana jiransa da mukulli, 'yan maketin kuma suna dawowa daga kasuwa da ƙura a takalmi, kowa yana shirya abin da zai faɗa wa manaja. Ranar da aka yi sa'a a fita bayan magariba. Ranar ƙarshen wata sai dai a yi isha'i a harabar banki.

Kowace sana'a da ɗanyen kayanta. Marini yana da baba, maƙeri yana da ƙarfe, ɗan banki kuma kuɗin wasu mutane ne kayan aikinsa. Kuɗin nan ba sa zuwa da ƙafarsu, sai mai su ya yarda da wanda zai bar wa. Har yau a Kano ana ba da labarin Alhassan Ɗantata, wanda a 1929 ya kai azurfa lodin raƙuma ashirin bankin Turawa na Bank of British West Africa, wanda ya rikiɗe ya zama First Bank. Abin da ya sa labarin bai mutu ba shi ne girman yardar da ke cikinsa, a zamanin da attajiri ya fi amincewa da tukunyar da ya binne a ɗakinsa. Daga baya aka kafa Bankin Arewa, Bank of the North, da hedikwata a Kano, ya raini ma'aikata 'yan Arewa masu yawa kafin ya narke cikin Unity Bank a 2006. Yau rassan bankuna sun yi jere a titin Murtala Mohammed, amma tushen sana'ar bai sauya ba: wani ne zai fita ya nemo amanar mai kuɗi.

Wannan aikin ɗan maketin ne. Da safe, bayan an yi taron reshe, zai shiga motar banki ko adaidaita sahu ya nufi Kantin Kwari, ko Singa, ko Dawanau, ko kasuwar Sabon Gari, ko wajen 'yan canji a Wapa. A wuyansa akwai abin da suke kira taget, wato adadin da aka yanka masa: kuɗin ajiya miliyan kaza, sababbin asusai kaza, na'urar POS kaza, katin ATM kaza, duk kafin wata ya mutu. Daga hedikwata a Legas ko Abuja ake yanko wa shiyya nata kaso, shiyya ta raba wa rassa, manaja ya raba wa yaransa. Wanda ya cika nasa a bana, baɗi ƙari za a yi masa.

Ba da takardar talla ake shawo kan ɗan kasuwar Kwari ba. Sai an yi sawu. Yau ka je ka gaishe shi ya ce yana da baƙi, gobe ya ce yaronsa mai riƙe da lissafi ya fita, jibi ya ba ka kujera da ruwan leda ya ci gaba da cinikinsa kamar ba ka nan. Ranar da ya aurar da 'yarsa kana sahun gaba, ranar da aka yi masa rasuwa kana kan tabarmar ta'aziyya. Sai wata rana taransfa ta maƙale masa a wani banki, kaya suna jira a Legas, ya kira ka da daddare. Idan ka warware masa, ka samu kwastoma, kuma zai jawo maka ƙannensa da yaran shagonsa. Daga ranar wayarka ta daina zama taka. Zai kira ranar Lahadi, zai kira ranar Salla, kuma ba ka da bakin cewa an tashi.

Ƙarshen wata ne ido yake raina fata, domin abin da ya kwana a asusu ranar shi ake rubuta wa ma'aikaci.

"Alhaji, don girman Allah a bar kuɗin nan su ƙara kwana biyu."

"Yaro, kwantenata ta iso, mutane suna jirana. Kuɗin kasuwa ba sa kwana."

Duk biyun gaskiya suke faɗa. Alhaji zai kwashe kuɗinsa, yaron kuma zai je taron duba aiki na wata, a haska sunansa da ja a bango a gaban abokan aikinsa. Kafin 2015 manaja mai ƙafa a gwamnati yakan rufe taget ɗin reshe da asusun ma'aikata ɗaya tak. A watan Satumban shekarar gwamnatin Buhari ta tilasta tsarin asusun bai-ɗaya, TSA, aka kwashe kuɗin hukumomin tarayya zuwa Babban Banki. Tun daga nan farautar ta koma kan 'yan kasuwa, da masu albashi, da ɗalibai, da 'yan adashe. Mata 'yan maketin suna da tasu jarrabawar daban, wadda ba kowa ke son a ambata ba: akwai masu kuɗin da suke ɗaukar ziyarar aiki a matsayin wata ƙofa. Yawancin matan nan suna kare mutuncinsu su haƙura da asusun, sannan a tuhume su a ofis da gazawa. A ganina manajan da ya san halin kwastoma ya kuma tura yarinya ita kaɗai yana da kaso a cikin laifin.

Idan kuɗi suka shigo, hannun kashiya suke faɗawa. Shi ne fuskar banki, kuma aikinsa ya fi yadda ake gani daga bayan gilashi. Kafin takwas ya sa hannu ya karɓi kuɗin fara aiki daga babban kashiya, ya ƙirga a gabansa. Takarda ɗari ita ce rafa ɗaya, rafa goma ɗauri ɗaya, wato ɗaurin 'yan dubu-dubu naira miliyan ɗaya cif. Injin ƙirga yana taimakawa, amma ba ya maye gurbin yatsa. Ƙwararren kashiya yakan ji jabu a hannu tun kafin ya kai ta ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske: santsin takardar, kaurinta, yadda hoton Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong ya zauna a kan 'yar dubu. Yana duba tela, yana gwada sa hannun da ke kan cak da wanda ke cikin kwamfuta, yana kallon fuskar mai karɓa. Wani dattijo da ajami yake sa hannu, wata tsohuwa dangwala yatsa take yi, wani kuma sa hannunsa na yau bai yi kama da na jiya ba, kuma shi ne ɗin.

Akwai ɗaki a ciki inda ake ƙirga kuɗin manyan 'yan kasuwa, waɗanda ake kawowa a jakar Gana-masgo. Wanda ya yi aiki a ɗakin nan yakan gane inda kuɗi suka fito da hancinsa: na 'yan kifi, na masu manja, na gidan mai, na mahauta. A ware yagaggu, a ware waɗanda aka liƙe da salatif, a miƙar da waɗanda suka kwana a ƙulle a gefen zane. Ƙurar kuɗi tana sa mura da tari, shi ya sa tun kafin zuwan korona masu ƙirga suke ɗaura takunkumi.

Sai yamma, lokacin balans. Abin da kwamfuta ta ce yana hannunka dole ya yi daidai da abin da ke cikin akwatinka, har naira biyar. Idan an samu giɓi, a sake ƙirgawa, a bi telolin yini ɗaya bayan ɗaya, a duba kyamara. Ƙila an ba wani rafar 'yan dubu a maimakon ta 'yan ɗari biyar, ƙila sifiri ɗaya ya ƙaru wajen shigarwa. Idan an gano mutumin, sai a kira shi. Akwai masu tsoron Allah da suke dawowa da kuɗin tun kafin a neme su, kuma duk tsohon kashiya yana da irin wannan mutum ɗaya da ba ya mantawa da shi a addu'a. Akwai kuma masu kashe waya. In kuɗin ba su dawo ba, daga albashin kashiya za a cire. Rara ma ba abin murna ba ce, laifi ce, domin tana nufin an tauye wani. Kuma har a gano bakin zaren babu mai tafiya gida, saboda ɗakin ajiya ba ya rufuwa sai lissafin kowa ya shiga. Mutum biyu suke riƙe da shi, kowa da nasa mukulli ko lambar sirri, ɗaya ba ya buɗewa sai da ɗaya. Mai kula da ATM kuma ko a gida yake, in na'ura ta ƙare ko ta haɗiye kati ranar hutu, shi ake nema.

Teburin sauraron kwastoma nan ne wurin haƙuri. "An cire mini kuɗi ba su fito ba." "Na tura, ya ce bai ga alat ba." "Sunana na BVN bai yi daidai da na katin ɗan ƙasa ba." Tun da aka ƙaddamar da BVN a 2014 ake fama da wannan matsala ta suna a Arewa, inda mutum ɗaya zai zama Muhammad a wata takarda, Mamman a wata, ga sunan gari a wata. Mafi ciwo shi ne wanda 'yan damfara suka kira suka ce daga banki ne, ya karanta musu lambobin katinsa, suka share asusun. Sau da yawa kuɗin sun riga sun bi ta asusai da dama kafin ya iso. Yarinyar da ke kan teburin ba ita ta ɗauka ba, ba ta da ikon dawo da su, amma ita za ta kalli idonsa ta ce, "Baba, zauna tukuna, bari mu rubuta." Haka magada suke zuwa da takardar kotu a kan asusun mamaci, ba su san ko nawa ne a ciki ba. Ma'aikacin da ya iya Hausa mai daɗi, ya san yadda ake yi wa babba magana, yana yi wa bankinsa aikin da babu na'urar da za ta yi.

To ina cinikin yake? Banki yana karɓar ajiya da araha ya bayar da tsada. Ba duk abin da aka ajiye yake iya juyawa ba: a ƙarshen 2024 Babban Banki yana riƙe kashi 50 cikin ɗari na ajiyar bankunan kasuwanci, ma'aunin kuɗin ruwansa kuma ya kai kashi 27.5, don haka ɗan kasuwar da ya ci bashi a lokacin yakan biya kusan kashi talatin ko fiye. Sauran kuɗin a sayi takardun lamunin gwamnati da su, a yi hada-hadar canji. Sai kuma ƙananan caji, waɗanda suke taruwa su zama tudu: naira 10, ko 25, ko 50 a kan taransfa gwargwadon yawan kuɗin kamar yadda yake a 2024, kuɗin saƙon alat, kuɗin kati, kuɗin kula da asusu. Naira hamsin da ake cirewa idan kuɗi sun kai dubu goma ta gwamnati ce, amma ɗan banki ne yake shan zagin.

Bayar da bashi shi ne wurin da ake samun suna, shi ne kuma wurin da ake karyewa. Jami'in da ya kawo mai neman rance zai je ya ga shago, ya ƙirga kaya, ya duba shige da ficen asusu, ya tabbatar da takardar filin da aka jinginar, sannan ya rubuta ya sa hannu cewa ya yarda da mutumin. Idan gobara ta tashi a kasuwa, ko dala ta yi tsalle kamar yadda ta yi bayan Yunin 2023, ko mutumin ya karkatar da kuɗin ya ƙara aure, bashin zai dawo kan teburin wanda ya sa hannu. Akan cire shi daga aikinsa a ce ya je ya karɓo, wani lokaci har a taɓa albashinsa. Sai ka ga mutum yana sintiri ƙofar gidan wanda jiya suke cin abinci tare.

Albashin ya dogara da ƙofar da mutum ya shigo, kuma nan ne babban raunin sana'ar. Ƙofa ta farko ta cikakken ma'aikaci ce: digiri mai kyau, takardar bautar ƙasa, shekaru kada su wuce ashirin da shida ko da bakwai a yawancin bankuna, jarrabawa, sannan makarantar horo ta wasu makonni ko watanni. Wanda ya tsallake yana da matakan girma a gabansa har zuwa manaja, yana da inshorar lafiya, da fansho inda yake zuba kashi 8 banki ya zuba 10, da rancen mota ko na gida mai sauƙi. Wasu bankunan suna ba da kuɗin haya a dunƙule a farkon shekara, wasu suna ƙara albashin wata na goma sha uku, wasu suna raba wani abu daga ribar shekara. Wannan tagomashi ba ya isa ga kowa. Ƙofa ta biyu ta 'yan kwantiragi ce, waɗanda wani kamfani yake ɗauka ya ba banki aro. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na ƙarshen 2019 sun nuna ma'aikatan bankuna dubu ɗari da 'yan kai, fiye da dubu arba'in daga ciki 'yan kwantiragi ne. Yawancin kashiyoyin da kake gani a kanta su ne. Kaya iri ɗaya suke sawa da cikakkun ma'aikata, lokaci ɗaya suke zuwa, giɓi iri ɗaya suke biya, amma abin da suke karɓa sau da yawa bai kai rabin na maƙwabcin kujerarsu ba. Mutum zai yi shekara bakwai a kanta ɗaya babu ƙarin girma, yana jiran jarrabawar mayar da shi cikakke, har shekarunsa su wuce ƙa'ida. Ƙungiyoyin ma'aikatan, ASSBIFI ta manya da NUBIFIE ta ƙanana, sun daɗe suna kuka a kan wannan. Ban ga hujjar da za ta sa wanda aka damƙa wa miliyoyi kullum, aka kuma yarda da gaskiyarsa, a ce shi ba ɗan gida ba ne.

Daga albashin kuma sai a fitar da kuɗin sana'ar kanta. Kwat ba ɗaya ba, takalmi, wanki da guga, domin ba a shiga banki a yamutse. Abincin rana na saye, tunda babu mai zuwa gida. Katin waya da data na kiran kwastomomi. Kuɗin mota, wanda ya ninka ya sake ninkawa tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura dubu a 2024. Mai aiki a tsakiyar Abuja da ke kwana a Mararaba, ko Kubwa, ko Suleja, da sallame asuba yake kama hanya. Sannan ga dangi. A wurinsu wanda yake yini cikin kuɗi ba zai ce babu ba. Kuɗin makarantar ƙanne, maganin gwaggo, gudummawar biki, sababbin takardun barka da Salla, duk wajensa ake dosa. In ya ce wata ya yi nisa, a ce banki ya koya masa rowa.

Amma kuɗin da ya fi tsada a sana'ar nan ba ya shiga kowane littafin lissafi, wato lokaci. Bahaushe ya ce zumunci a ƙafa yake, ɗan banki kuwa ƙafarsa a ɗaure take daga Litinin zuwa Juma'a, wani lokaci har Asabar idan an kira horo ko an fita tallan buɗe asusu. Jana'iza ba ta jiran a tashi daga aiki. Raɗin suna da sassafe ake yi, daidai lokacin taron reshe. Maƙwabci zai kwanta asibiti a sallamo shi bai leƙa ba. A hankali sai a daina sanar da shi, ba don fushi ba, don an san ba zai zo ba, kuma wannan ya fi faɗa ciwo. Yana fita yara suna barci, yana dawowa sun yi barci. Karatun allonsu, aikin gida na makaranta, rigimar da aka yi da yamma, duk a bakin uwarsu yake ji. Wanda aka yi wa canjin wurin aiki zuwa wata jiha ya zama baƙon ƙarshen mako, yana bin hanyar Kaduna ko ta Gusau da addu'a a baki.

Nauyin ya fi yawa a kan mace. Dokar ƙwadago ta ba mai haihuwa mako goma sha biyu, yawancin bankuna wata uku suke bayarwa, sai a ɗan sassauta mata lokacin tashi na wasu watanni. Tana gama wankan jego da 'yan makonni za ta koma kanta, jariri yana wajen kaka ko mai raino, nono yana cika mata a kan aiki. Ta dawo da dare ga girki, ga miji, ga surukai masu lura da ƙarfe nawa ta shigo. Mata da yawa masu hazaƙa sun ajiye aikin a wannan gaɓar, ba don sun kasa ba. Waɗanda suka daure har suka zama manajoji, in ka bincika za ka tarar akwai wata uwa ko ƙanwa ko miji mai fahimta da ya riƙe musu gida.

Ibada kuma da dabara ake yin ta. Azahar da la'asar bi-da-bi ake yi, wani ya riƙe wa wani kanta. Ranar Juma'a mata da abokan aiki Kiristoci su suke tsare wuri har maza su dawo daga masallaci, lokacin Kirsimeti kuma a rama musu. Wannan zaman tare yana cikin abubuwa masu kyau na aikin banki da ba a cika faɗa ba. Da azumi sau da yawa a kan tebur ake buɗa baki da dabino da ruwan roba, ana jiran lissafi ya daidaita. Akwai kuma abin da ke kwana a zuciyar ma'aikaci Musulmi, wato batun kuɗin ruwa. Wasu malamai sun haramta aikin gaba ɗaya, wasu sun bambanta tsakanin sashe da sashe, wasu sun duba lalura. Akwai iyayen da suka hana 'ya'yansu karɓar takardar ɗaukar aiki, akwai waɗanda suka ajiye aikin bayan sun dawo daga Hajji. Da bankin Jaiz mara kuɗin ruwa ya buɗe a Janairun 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, sannan TAJ a 2019 da Lotus a 2021, mutane da yawa sun samu mafita. A can banki ne yake sayen kaya ya sayar wa ɗan kasuwa da riba sananniya, ko ya ba da haya. Zuciya takan kwanta, amma taget yana nan, daren ƙarshen wata ma yana nan.

Wanda yake son ya san abin da ma'aikatan nan suke iya ɗauka, ya tuna farkon 2023. Babban Banki ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sauya fasalin 200 da 500 da 1000, ya sa wa'adin 31 ga Janairu, ya ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuɗin kuma ba su wadata ba. Mutane suna kwana a layin ATM. Reshe zai samu abin da bai isa mutum ɗari ba, ga dubu a ƙofa. A wasu garuruwan Kudu an farfasa bankuna an cinna musu wuta, ma'aikata suna haura katanga, wasu suka daina sa kwat don kada a gane su a hanya. An samu ɓata-gari a cikinsu da suka karkatar da sababbin kuɗi, wannan gaskiya ne. Amma mafi yawansu ba su da ko sisi a aljihu su ma, suna karɓar tsofaffin kuɗi buhu-buhu har dare, suna shan tsinuwa a kan shawarar da ba da su aka yanke ba, har Kotun Ƙoli ta yi hukunci ranar 3 ga Maris. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ga kuma fargabar 'yan fashi, wadda ba ta bar zukata ba tun harin Offa na Afrilun 2018 da ya ci rayuka fiye da talatin.

Duk da haka za ka samu mutum ya yi shekara ashirin a banki yana cewa alhamdu lillahi, kuma har zuciyarsa. Albashi yana zuwa kafin wata ya ƙare, ba a bin bashinsa kamar yadda ma'aikatan wasu jihohi suke bi. Aikin yana koyar da tsari, da kiyaye lokaci, da karanta lissafin kasuwanci, da sanin mutane. Akwai daɗin da ma'aikaci yake ji idan ya wuce ta gaban shago mai ƙofa uku ya tuna ranar da ya buɗe wa mai shi asusu yana talla a baro. Akwai na ganin tsohuwar da ta yi shekaru tana zuba kuɗin kujerar Makka kaɗan-kaɗan ta zo yin sallama. Abin da na lura da shi shi ne, ba yawan aiki ne yake kashe wa ɗan banki gwiwa ba. Ɗan kasuwar Kwari ma yana yini a tsaye. Abin da ke ci musu rai shi ne zaman da ba shi da dalili, inda an gama aiki amma babu mai tashi saboda oga bai tashi ba, da hutun shekara da ake ɗagawa har ya ruɓe, da tsawa a gaban na ƙasa, da taget da aka yanka ba tare da an dubi kasuwar garin ba. Reshe biyu na banki ɗaya a titi ɗaya, za ka tarar ɗaya mutane suna rububin a mayar da su can, ɗaya kowa yana neman hanyar gudu. Bambancin manaja ne: wani yana cewa, "Hajiya, tafi, yaronki ba shi da lafiya, za mu rufe," wani kuma yana duba agogo.

Sai rashin tabbas. A 2004 gwamnan Babban Banki Charles Soludo ya ɗaga jarin banki daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005. A Agustan 2009 magajinsa Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, abin da ya biyo baya kuma dubban ma'aikata ne suka rasa aiki. A Mayun 2020, lokacin kullen korona, sai da Babban Banki ya sa baki aka dakatar da sallamar da aka fara shiryawa. A Yunin 2024 aka soke lasisin Heritage Bank. Sallamar banki ba ta da dogon bayani: mutum zai zo da safe ya ga kwamfutarsa ta ƙi buɗewa. Shi ya sa mai hankali a cikinsu yake dasa wani abu a gefe tun yana kan kujera, gona, ko kiwon kaji, ko shagon da matarsa take riƙewa. Tsofaffin kashiyoyi da yawa yanzu su ne masu rumfunan POS na Moniepoint da OPay a unguwanni da ƙauyukan da ba su taɓa ganin reshen banki ba, wasu kuma sun zama masu riƙe wa manyan 'yan kasuwa lissafi. A Maris 2024 Babban Banki ƙarƙashin Olayemi Cardoso ya sake ɗaga jari, naira biliyan 500 ga banki mai hulɗa da ƙasashen waje, biliyan 200 ga na ƙasa, da wa'adin 31 ga Maris 2026. Masu hannun jari lissafin riba suke yi. Ma'aikacin da ya ga 2005 kuwa ya san cewa idan bankuna biyu suka haɗe, rassa biyun da ke kallon juna a titi, ɗaya za a bari, kuma 'yan kwantiragi ake fara kira.